Taku Huɗu na Goggo Khuyen

Kafin lasifikar ƙauye ta fara surutun safe, Goggo Khuyen ta riga ta hau kekenta ta bi ta tsakiyar gonakin shinkafa. Jakar unguwarzoma a kwando, malfa a ka, gwiwar hagu tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Shekara talatin da huɗu ke nan tana wannan tafiya zuwa ƙaramin asibitin ƙauyenmu na bakin Jan Kogi. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Na san ba wanda zai shirya mata taro, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ba karɓar haihuwa ce ta tsufar da ita ba. Abin da ya cinye ta shi ne ta fito baranda ta ce wa uba "mace ce", ta ga ya kunna taba ya juya. Wata suruka ta taɓa komawa gida da romon kazar da ta kawo wa mai jego, don ta ji jikar mace ce. Goggo ta bi ta a keke har ƙofar gida ta karɓo tukunyar.

A zuriyarmu, ranar tunawa da kakanmu na farko, tabarma biyu ake shimfiɗawa a zauren dangi. Masu 'ya'ya maza suna ta sama, kusa da teburin turare. Mu da muka haifi mata zalla muna ta ƙasa, bakin ƙofa wajen takalma, ana kiranmu "kakannin waje" tunda jikokinmu na wasu ne. Ni malamin makaranta ne mai 'ya'ya mata biyu. Shekara ashirin ina cin wuyan kaza a can, ina dariyar da ba ta kai ciki ba.

Toai, ɗan baffana, shi dariyar ta ƙare masa. Matarsa Mien ta kusa tafiya da zubar jini a haihuwar 'yarsu ta uku, likita ya ce wani cikin shi ne ajalinta. Duk da haka wata safiya Mien ta zo asibiti a cire mata robar hana ɗaukar ciki.

"Goggo, ki cire kawai. Ya daina cin abinci a gida."

"Shi ya daina ci, ke kuma ki daina numfashi?"

"In na mutu ai an san na yi ƙoƙari."

Goggo ta ce wa Mien ta ba ta wata guda. Sau bakwai ta je gidansu, sau bakwai Toai ya sulale ta bayan gida. Sai ta bi shi inda ba zai iya gudu ba: zauren dangi, inda mace ba ta shiga sai da tire a hannu.

Ta iske Kawu Sung, shugaban zuriya, ya sha giyar shinkafa yana tsokanar Toai: "Kakan waje, janye ƙafarka, kar ka taka takalmin masu magada." Ba ta gai da kowa ba. Ta tsaya a gefen tabarmarmu, ta taka zuwa ta sama tana ƙirgawa a fili, tana ɗingishi.

"Toai, taku huɗu ne. Da gurguwar gwiwata ma huɗu ne. A kan wannan za ka binne uwar 'ya'yanka?"

Kawu Sung ya ce, "Khuyen, nan ba asibiti ba ne. In ya mutu ba ɗa namiji, wa zai kunna masa turare?"

"Yaya, in Mien ta mutu ita fa? 'Yan matan nan uku za su kunna mata, kuma kai za ka gaya musu dalili."

Ni kuwa ƙwaryar shinkafata na zuba wa ido. Na san dukkan abin da ta faɗa gaskiya ne, ban ce uffan ba, kuma har yau kunyar ranar ba ta sake ni ba.

Kada a zaci wani abu ya sauya a zauren. Kawu Sung ya daina amsa gaisuwarta, matan gidansa suka koma haihuwa a asibitin gunduma. Toai ya gama cin abincinsa a bakin ƙofa. Abu ɗaya kawai: Mien ba ta sake zuwa da waccan buƙatar ba. Shekara tara ke nan.

Makon jiya na same ta tana shafa wa gwiwa man zafi. Da na faɗa mata abin da nake rubutawa sai ta yi tsaki.

"Malam, me za ka rubuta? Tabarmar tana nan inda na same ta. Na gaji, ni dai."

Gaskiyarki, Goggo, tana nan. Amma ke ce kika fara cewa "barka" ga 'yan matan da iyayensu suka yi shiru. Ke ce kika shiga inda mu masu gemu muka sunkuyar da kai. Uwar marasa magada, mun gode, ni da 'ya'yana biyu da kika karɓa da hannunki. Ku kuma 'yan uwana na tabarmar ƙasa, da ku matasan da za ku gaje ta a asibitin, abin da ta yi bai fi ƙarfin kowa ba. Buɗe baki ne, sai jure gabar da za ta biyo baya.

Bana ma a bakin ƙofa na zauna, gefen Toai. Daga nan ana hango madafa, na ga Mien tana zuba shinkafa a tire, tana yi wa 'yarta faɗa, furfura ta fara fito mata a goshi. Furfurar nan, Goggo, ke kika ba ta.