Fararen Shafukan Yaya Lawan

Shekara tara ke nan cif da aka fita da gawar yayana, Malam Lawan, daga gidanmu na Birni a nan Damagaram. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan toya waina in raba sadaka, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagara. Ɗansa Mamman, wanda ya bari yana ɗan shekara goma sha uku, ya dubi tsabar idona ya ce ubansa bai taɓa ƙaunar matasa ba. Ban tsawata masa ba, domin na san inda ya samo wannan magana, kuma da hannuna dumu-dumu a ciki.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Lawan malamin kolej ne, Faransanci yake koyarwa, ɗalibai suna ce masa Mushe Lawan, wato Malam Lawan da Faransanci. Amma abin da gari ya san shi da shi a wajen aji yake yin sa. Da an sallame sallar la'asar sai ya ɗauki kaye, littafin rubutun nan na 'yan lakwal, wato makarantar boko, ya nufi fada, inda samari ke shimfiɗa tabarma a bakin hanya suna dafa shayi. Yau yana Zango, gobe Garin Malam, ran kasuwa ya shiga motar Mirriya. Har wurin ƙartan nan masu ɗaga ƙarfe yakan je, waɗanda dattawa ke sauya hanya in sun hango su. A cikin kayen akwai labari da ya rubuta da Hausa, kuma daga bakin samarin ya tsinto shi, da zaginsu da ba'arsu da guntun Faransancin da suke jefawa a magana.

Ina tuna labarin wani ɗan kabu-kabu da ke wuni kan babur cikin rana, har abokinsa ya miƙa masa ƙwayar tiramol ya ce ita ce maganin ciwon baya. Akwai kuma na wata yarinya da ta gama jami'a tana sayar da ƙanƙara a ƙofar gidansu, wani babban mutum ya ce zai sama mata aiki in ta same shi a masaukinsa. Yaya zai yi ta karantawa, ana kurɓar shayi, har ya kawo daidai inda ƙwayar ke kan tafin hannun yaron, ko inda yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta. Nan zai rufe kayen ya ce, "To, ku ne shi. Yaya za ku yi?" Sai gardama ta kaure. A ƙarshen kowane kaye yakan bar shafi huɗu farare, ya bar wa fadar littafin har mako guda. In ya koma karɓa sai ya tarar an cika su, wani da boko, wani da ajami, wanda bai iya rubutu ba ya faɗa an rubuta masa. Wani ya sa yaron ya haɗiye ƙwayar, wani ya soke wannan ya rubuta nasa a ƙasa.

Na taɓa yi masa tsiya a kan haka. Na ce mutum da iliminsa ya rasa yadda zai ƙarasa labari, sai 'yan shayi sun taya shi? Ya yi dariya ya ce, "Fanna, ni na taɓa wuni a kan babur? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni dai nawa in kai su bakin ƙofar su tsaya su yi tunani, tun ranar ba ta zo ba."

Bayan sadakar arba'in wasu mutane suka zo gidanmu cikin farar mota, daga wani furoje, irin shirin nan na ƙungiyoyin agaji, da aka ce na kula da matasa ne. Ba zan kama suna ba, kuma ba don ina ganin girmansu ba. Suka ce suna son su karrama marigayi, su buga labaransa a raba a makarantu. Matarsa tana cikin takaba, ni ce babba a cikin waɗanda suka rage, sai magana ta dawo kaina. Suka yi ta ce mini Madam, suna yabon yayana da kalmomin da ban taɓa jin an yabe shi da su ba yana raye. Kaina ya kumbura. Na shiga ɗakinsa na kwaso kaye goma sha bakwai na zuba musu a kwali, ko karanta takardar da na sa wa hannu ban yi ba.

Da aka tashi ƙaddamar da littafin, a wani otel aka yi. Jawabi bayan jawabi, duk da Faransanci, a kan littafin Hausa. An kwaso samari a mota an sa musu riguna iri ɗaya, an jera su can baya kusa da ƙofa, an ba kowa burodi da lemo, kuma har aka tashi ba a ce wa ko ɗayansu ya buɗe baki ba. Sai shugaban furojen ya miƙe, ya sassauta murya kamar mai ta'aziyya, ya ce abin tausayi shi ne ajali ya riski marigayi bai samu ya kammala ko ɗaya daga cikin labaransa ba, don haka ƙwararrunsu suka ɗauki nauyin ƙarasa masa. Labari goma sha bakwai, a ce mutum ya mutu bai gama ko guda ba, kuma duk cikin ƙwararrun babu wanda ya tsaya ya tambayi dalili! Rubutun samarin kuwa, daga baya wata sakatariyarsu ta ce mini yara ne suka ɓata bayan littattafan da zane-zane, shi ya sa aka watsar. Aka yi tafi a zauren nan. Ni ma na tafa.

A gida na zauna na karanta abin da suka buga. Ɗan kabu-kabu ya haɗiye ƙwaya, shafi biyu a gaba ya haukace yana tsintar abinci a bola. Yarinyar ta shiga ɗakin, ta yi ciki, ta mutu wurin haihuwa. Duk wanda ya taka hanyar arewa ƙishirwa ta kashe shi cikin hamada. A ƙarƙashin kowane labari an zana akwati an rubuta "Darasi" da manyan baƙaƙe. Maganar samarin ma an wanke ta tas, ɗan kabu-kabu yana magana kamar mai karanta labaran rediyo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuma a bangon wannan abu aka manna hoton yayana da sunansa. Na koma neman kayen na asali, aka ce sun sauya biro, wato ofis, kwalin ya salwanta. Na yi zuwa uku, na huɗu mai gadi ya ce furojen ma ya ƙare.

An raba littafin kyauta, kuma na ga inda ya ƙare da idona. A fadar da ke kan kwanar gidanmu, inda Yaya ya fi zama, da shi ake fifita garwashin shayi. Ban ga laifinsu ba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da zai leƙo ya ga abin da ake rubuta wa matasa yau. Irin wancan na furoje bai ƙare ba, kullum ana buga sabo, kowanne da akwatin darasinsa, kuma a cikinsu matashi bai da wani aiki sai ya yi kuskure ya halaka don a tsorata na baya. Ga kuma wanda ke yawo a waya, ana turawa kashi-kashi. 'Yar maƙwabciyata ta karanta mini wani: saurayi ɗan shekara ashirin da biyar, da jirgin samansa, da gidansa a Dubai, ba a taɓa faɗin sana'arsa ba, sai dai yawan agogo da turare. Tana karantawa tana zaune kan jarka a layin famfo, tun hantsi ruwa bai zo ba. Ba na hana kowa mafarki, wanda ya wuni a layin ruwa ya cancanci abin da zai ɗebe masa kewa. Abin da ke ba ni ƙyama shi ne tsakanin mahaukacin bola da mai jirgin sama babu wanda ya ga ya dace ya rubuta yaron da na sani, wanda ya yi shekara goma sha uku a lakwal, ya fito, ya tarar babu inda ake jiransa. Sannan mu manya mu hau kujera mu ce yaran yanzu ba sa karatu. Me muka ba su da za su karanta? Da ka yi magana a ce maka abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. To mun hango, sai muka yi me? Yaya ba mai zagi ba ne, na san tsaki kawai zai ja ya saɓa kayensa ya fita.

Mamman yanzu shekararsa ashirin da biyu. Ya zauna jarrabawar bak ta shiga jami'a sau biyu bai samu ba, yana tuƙa babur ɗin wani. Watan jiya ya gaya wa uwarsa cewa bayan Sallah zai hau motar Agadas, daga can ya tsallaka Libiya. Ta yi kuka ta gaji, ta turo shi wurina. Na zaunar da shi a tsakar gida na shiga jero masa waɗanda hamada ta cinye, da waɗanda aka kulle, da wanda ya dawo ba hankali. Na rufe da cewa da ubansa na raye ba zai yarda ba.

"Gwaggo, don Allah ki bar maganar Baba," in ji shi. "Na karanta littafinsa tun ina kolej. Kowa a ciki ko ya haukace ko ya mutu. 'Yan ajinmu har ɗan mai darasi suke ce mini. Mutumin da ya zauna da samari shekara da shekaru, abin da ya gani a jikinmu ke nan? Wallahi bai san mu ba, kuma bai so mu ba."

Sai a lokacin na ji muryata da kunnena. Abin da ke cikin akwatin darasin nan na littafin furoje, shi na gama zazzage wa yaron, kalma da kalma. Na tashi na shiga ɗaki na buɗe adakata. Akwai kaye guda da bai shiga kwalin ba, domin a jakar da aka dawo da ita daga asibiti yake, a gadon jinya Yaya ya rubuta shi, bai samu kai shi kowace fada ba. Shekara tara ina ɓoye da shi a ƙarƙashin zannuwa, saboda fito da shi yana nufin in faɗi abin da na yi da sauran. Na faɗa wa Mamman duka, da kwalin, da otel ɗin, da tafin da na yi. Sannan na miƙa masa.

Ya jingina da bango ya karanta. Labarin wani Ila ne daga wani ƙauye a bayan Takeita, wanda gonarsu ba ta ba da abin da zai kai su rani ba, ya zo tasha da jakarsa da ƙullin garin da uwarsa ta daka masa. Motar arewa ta cika, kamasho yana ihu saura mutum ɗaya, Ila ya ɗora ƙafa guda a kan matakala. Mamman ya juya shafi, fari. Ya sake juyawa, fari.

"Ina sauran?"

"Babu saura. Haka yake yi, duka goma sha bakwai ɗin haka suke. Samari ne ke cikawa."

"Bai ce kar ya tafi ba?"

"Bai ce ba."

Ya daɗe yana kallon rubutun ubansa, yana shafa shi da babban yatsa. Ya naɗe kayen ya sa a aljihun rigarsa, ya ce mini sai an jima, ya fita.

In an auna abin da ya rage na Yaya Lawan, ba shi da yawa. Littafin da ke ɗauke da sunansa da hotonsa ba nasa ba ne, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta shi ya cire yayana daga ciki. Kayensa na asali sun tafi. Samarin da suka cika shafukan sun zama magidanta, wasu a nan, wasu a ƙasashen da ban san sunansu ba. Abin da ya rage shi ne kaye ɗaya, da tambayar nan tasa da yake yi wa yaro yana kuma jiran amsa, abin da mu muka kasa yi ko a cikin gidajenmu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, mu kuma ya yafe mana abin da muka yi da amanarsa.

Shekaranjiya Mamman ya biyo ta ƙofar gidana a kan babur, na ce ya dawo mini da kayen in adana. Ya ce, "A'a Gwaggo, yana fadarmu. Shafi biyu sun cika, kuma har yanzu ba mu daidaita ba." Sallah saura mako uku, bai ce mini ya fasa ba, uwarsa kuma ba ta daina kuka ba. Na san akwai rubutun hannunsa a cikin shafi biyun nan, kuma ina ƙaiƙayin in san ko ya sa Ila ya hau motar. Ban tambaye shi ba. Na riga na bari an rubuta wa yaron nan ƙarshen labari sau ɗaya, ba zan ƙara ba.