Wankan Jego a Gabon

A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki muka bar Wudil zuwa Gabon, inda na samu aikin ɗinki. Mu uku ne: ni, da maiɗakina da tsohon ciki, da 'yarmu ƙarama. A tasha surukata ta miƙo ƙullin kanwa da busasshen ganyen darbejiya, kanta a sunkuye, ta ce, "Malam, ko a ina ta sauka, kada a fasa mata wankan jego."

Watanmu ɗaya da isa ta haihu. Babu wata Bahaushiya a gidan hayar da muka kama, ni kuwa ban taɓa hura wuta ba. Sai na tsara abin: da asuba in ɗebo ruwa, in tafasa da ganyen, in kai banɗaki, in dama kunun kanwa, sannan in tafi shago. Da yamma ma haka.

Ran arba'in muka ɗauki saƙonmu a kaset muka aika gida. A amsarta surukata ta tambaya wace baiwar Allah ce ta tsaya wa 'yarta.

Maiɗakina ta dube ni. "Me zan ce wa Inna?"

Na ce, "Ki ce an yi, ba a tsallake ko rana ɗaya ba."