Ajin Hajiya a Motar Ma'aikata

Ko zan manta da komai na zaman Abuja, ban da shekarar da na ci jarrabawar ƙarin girma. Lokacin farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba, gari sai gine-gine ake, kowa na yin gaba, ni kuwa ina nan inda aka ajiye ni a wata ma'aikatar tarayya. Aiki na iya shi, Turanci a baki ma ba laifi, amma da an ce a rubuta sai hannuna ya mutu. Rubutun nan ya sha kayar da ni, kuma in na sake faɗuwa, waɗanda na koya wa aiki ne za su zama shugabannina.

A Orozo nake haya, can bayan gari, motar ma'aikata ke kwasar mu da safe. Cikinmu akwai wata Hajiya Bakatsiniya, tsohuwar malamar Turanci, ofishinmu ɗaya, matakinmu ɗaya, ritayarta ta kusa. Wata safiya ta gan ni ina haddace manyan kalmomi daga ƙamus, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ƙanena, wa za ka jefa da waɗannan duwatsun? Rufe littafin nan. Leƙa taga ka rubuta min abin da ka gani."

Daga ranar gosulon Nyanya, cunkoson motocin da ke tsare mu a hanya kullum, ya zama ajinmu. Na rubuta masu gasa masara, na rubuta faɗan kwandasta da 'yan acaɓa, takarda a kan gwiwa, ita kuma tana bi da jan biro tana min tsiya. In jimlata ta cika tsawo sai ta sa in karanta da numfashi ɗaya, in na sarƙe motar ta fashe da dariya. Ni da na tsani cunkoson nan, sai ga ni ina jin haushi ranar da hanya ta buɗe. Wallahi ina kewar safiyoyin nan.

Tare muka zauna jarrabawar. Dukanmu muka ci, amma gurbi ɗaya ne a sashenmu, kuma da aka haɗa maki nawa ya ɗara nata kaɗan. Ita kuwa shi ke nan, a wannan matakin za ta yi ritaya. Washegari kunya ta hana ni haɗa ido da ita, na gudu kujerar baya. Ta taso ta zauna kusa da ni.

"Hajiya, da kin san gurbi ɗaya ne..."

"Tun farko na sani, oga," ta katse ni. "In dai a ƙarƙashinka zan ƙarasa aikin nan, gara ka iya rubutu, kada ka riƙa ba ni kunya."

Na yi dariya, hawaye na zubo min. A ranar na gane ilimi ba abin rowa ba ne, ko da wanda ka koya wa zai wuce ka. Har na bar aiki ban taɓa ɓoye wa na ƙasa da ni abin da na sani ba.