Dalmar da Malam Mu'azu ya liƙe

Malam Mu'azu mai ɗaukar hoton ƙashi ne a wani asibitin kuɗi a Gusau, matsoraci kuma na gasken gaske. Ƙadangare ya faɗo daga rufi sai ya yi salati. Ni ne direban asibitin, shekara tara ina tsokanarsa.

Akwai 'yar dalma da ake ɗorawa a allon hoto don ta nuna ɓangaren dama na majiyyaci. Tasa kullum ɓacewa take, sai ya liƙe ta da filasta a kusurwa guda, tunda kowa rigingine yake kwanciya.

Daminar 1998 aka kawo Jatau, mafarauci daga Karakkai. Bindigar abokinsa ta fashe a bayansa, ƙarfe ya shiga ta tsakiyar ƙeya. Ba ya iya kwanciya kan ciwon, sai Mu'azu ya kifa shi rub-da-ciki ya ɗauka. Likita ya duba ya ce ƙarfen na dama, a wuce Zariya a yi aiki. Ƙanensa Buba ya sa shi a motar haya da hantsi.

Bayan azahar sai ga Mu'azu a kaina a guje.

"Ɗahiru, tada mota. Na kashe mutum."

"Kai? Da mi, da tsoro?"

"Kife shi na yi, dalma ba ta motsa ba. Damansa ta koma hagu. Lafiyayyen gefe za su fasa."

Ban ƙara wasa ba. Muka ɗauki hanya, shi yana ta Hasbunallahu, ni ina lissafin awa ukun da suka ba mu. Wahalar mai ta shekarar nan ce ta cece mu: a Tsafe muka tarar da motarsu a gindin itacen bedi, direba ya tafi neman galan ɗin mai.

Mu'azu ya ce a ba shi hoton, akwai kuskure, sai Buba ya rungume ambulan ɗin hoton. "Likita ya ce dama. Kai wa?"

Mu'azu ya durƙusa gaban mara lafiya. "Baba Jatau, buɗe baki don Allah."

Haƙorin azurfa guda, a hagu. Ya zaro hoton daga ambulan ɗin da Buba ke riƙe, ya ɗaga shi ga rana. Ga haƙorin fari fat, gefe ɗaya da ƙarfen, gefen da dalma ta kira dama.

"Haƙorin yayanka ya yi ƙaura ne, Malam Buba?" na ce.

Buba ya saki ambulan. Mu'azu ya rubuta gyara a jikin hoton da takarda, ya sa hannu, ya rubuta cewa kuskurensa ne. Zariya suka sake hoto, suka ciro ƙarfen ta hagu.

A hanyar dawowa, wajen Kwatarkwashi, Mu'azu ya juyo gare ni.

"Ɗahiru, shekara biyu ke nan da na liƙe ta. Mutum nawa na kifa?"

Kwana huɗu ya yi yana zazzage tsofaffin fayil. Ya sami uku. Biyu ya gano gidajensu. Ta ukun, wata mata daga Bilbis, har yau yana cigiyarta a tasha.