Glenys Trethewey da Motar Warwick

Kowace safiya, kafin Glenys Trethewey ta taɓa sufana, sai ta wangale ƙofofin garejinta biyu da ke bayan garin Kadina, iska ta ratsa. Duk wanda ya zo, taba da ashana a bakin ƙofa yake barinsu, ko shi waye. Sannan ta sha shayinta a tsaye, ta naɗe hannun riga, ta kwanta ƙarƙashin mota. Aikinta tankin fetur ne da famfon da ke cikinsa, aikin da kanikawa ke gudu don wari da tsoron gobara. A ƙarshen watan nan za ta rufe garejin, idanunta sun gaza. Babu wanda zai gaje ta, kuma raina a ɓace yake ina rubuta wannan.

Mu 'yan ƙungiyar masu haɗa mota muna da wata al'ada da muke taƙama da ita. Sassan motar a akwatuna suke zuwa, mutum ya shekara da shekaru yana haɗawa a rumfar da ke bayan gidansa, kuma abin kunya ne wani ya sa maka hannu. Wannan al'adar ce ta cuci Warwick Pengilly.

Warwick tsohon direban motar alkama ne, kai kamar dutse. Da ya sa wa motar da ya haɗa babban inji, ƙaramin famfon ya kasa ciyar da shi, sai ya sayo babba ya ɗaura a tsohon maratayin, wato ƙarfen da ke riƙe famfo a cikin tanki. Motar takan tashi lafiya, amma da ya sha kwana sai ta yi tari ta mutu. Bai taɓa wuce shataletalen unguwarsu ba. Shekara guda yana tonon wayoyi yana zagin batir. A cikin shekarar ne likita ya gaya masa ciwon jijiya ya kama shi, ƙafafunsa za su mutu a hankali. Burinsa ɗaya ya rage: ya tuƙa motar da ƙafarsa zuwa bakin teku a Wallaroo.

Matarsa Noelene ce ta ba ni labarin ranar da Glenys ta je gidan ba tare da an kira ta ba, da buhun kayan aiki da burodin nama guda biyu.

“Wa ya aiko ki?” in ji Warwick.

“Motarka. Tun daga gareji nake jin tana kuka. Matsa, tsohon banza.”

“Ba mai taɓa min ita.”

“To zauna ka yi ta kallonta har ta yi tsatsa, ku tafi tare.”

Noelene ta ce ya daɗe yana kallon ƙafarsa ta hagu. Sannan ya ce, “Makulli yana kan benci.”

Glenys ta sauke tankin, ta zaro maratayin, ta shafa tiyon da ke ɗaukar mai daga famfon da yatsa tunda idon ba ya gani sosai. Ya kumbura ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya, ga tsaga a gefe. Warwick ya yi amfani da tiyon fetur na waje ne, wanda cikinsa kaɗai ke jure mai. A nutse cikin tanki, fetur ya cinye bayansa. Maratayin kuma ya yi gajarta, bakin famfon bai kai ƙasa ba, shi ya sa da mai ya karkata a kwana sai ya zuƙi iska.

“Wannan ne kawai?” in ji Warwick.

“Shi ne kawai, mutumina.”

Ke ce mai haƙurin da ba mu da shi, Glenys. Warwick ya roƙe ki ki yi walda a ranar, kika ƙi, kika ce sai an wanke tankin ya sha iska warin ya fita, don ba za ki kashe shi kafin Allah ya kashe shi ba. Kika auna zurfin tankin da sanda, kika ƙara wa maratayin tsawo, kika yi ta gogawa kina gwadawa da tafin hannu. Tiyon da ya dace babu shi a garin nan, sai daga birnin Adelaide, aka turo wanda ba shi ba, aka sake jira. Kowace rana kina zuwa, kowace rana kina ganin yadda yake jan ƙafa.

Ina wurin ranar da aka gama. Muka ɗaga Warwick muka zaunar da shi. Ya murɗa makulli, famfon ya yi ɗan gurnaninsa, injin ya tashi sumul. Ya ɗora ƙafar hagu a kan kuloci ya danna. Bai motsa ba. Ya sa hannu biyu ya tura gwiwar. Bai motsa ba.

Na ce zan tuƙa shi, ya zauna a gefe.

“A'a,” ya ce, ya kashe motar.

Glenys ta fita waje tana goge hannu da tsumma. Da na bi ta, abin da ta ce kawai shi ne, “Da bara na zo.”

Ba laifinki ba ne. A duk garin nan ke kaɗai kika taka wannan al'adar banza kika buga ƙofa. Mun gode, Glenys, ko da yake godiyar ba ta mayar wa kowa komai. Ku kuma da ke karantawa, idan kun ji motar maƙwabci na mutuwa a kwana, kada ku jira girman kansa ya sauka. Ku ɗauki kayan aiki ku je yau, ya zage ku, ku shiga.

Motar tana nan a rumfa, babu abin da ke damunta. Ran Lahadi Noelene takan tura Warwick a keken guragu har gefenta, ya miƙa hannu ya tayar da ita, ya saurara. Noelene ta ce makon jiya ita ta murɗa masa makullin.