Takardar neman makabarta

Da tsohon telan layinmu ya kawo mini takardar, ƙin sa hannu na yi. Roƙo ne ga ƙaramar hukuma ta ba mu filin makabarta a ɓangarenmu na Lugbe, domin duk wanda ya rasu sai an ɗauke shi zuwa makabartar Gudu cikin cunkoson titin filin jirgi, ko a nemi mota a kai shi garinsu. Na ce masa, "Baba, ni nema na zo yi Abuja, ban zo zama ba. In ta Allah ta kasance, Malumfashi za a kai ni." A lokacin shekarata goma sha tara a shago ɗaya ina sayar da kayan masarufi, amma a bakina kullum ni baƙo ne.

Bai ja da ni ba. Ya naɗe takardarsa, ya ce to ko ban sa hannu ba in daure in raka su wurin hukuma, tunda ni ne mai ɗan Turanci. Wannan tsoho ya iya sa mutum aiki bai ankara ba.

Ranar zaman jin koken jama'a mu bakwai muka je, kowa ya rufe sana'arsa. Zauren ya cika maƙil. Wasu kwalbati ya kawo su, wasu shara, wata mata kuma ta kusa cinye makirfon a kan rumfunan kasuwa. Tun hantsi muke zaune har aka yi azahar, raina duk ya ɓaci, ina tuna shagona a kulle. Da aka kira mu na miƙe na karanta, ina yi ina tuntuɓe. Sai wani jami'i ya tambaya da irin Hausarsu ta nan, "Amma ku ba gida kuna kai mutanenku ba?" Ba da mugunta ya faɗa ba. Maganata ce dai ya maimaita.

Tsohon ya dafa kafaɗata ya tashi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, gida na kai matata shekara shida da suka wuce, don 'yan'uwanta sun ce a kai ta. Sau uku na je kabarinta tun daga nan. A na ƙarshe sai da na tambayi mai gadi, shi ma bai tabbata wanne ne ba. 'Ya'yana a nan aka yanke musu cibiya. Ina so in sun tashi daga kasuwa su biyo ta kaina su yi mini addu'a, shi ke nan."

Kafin in miƙa takardar na ɗora ta a gwiwa na sa hannu can ƙasa. Tsohon yana kallona. Aka ce za a duba, aka ba mu lambar fayil.

Damina biyu bayan nan tsohon ya rasu, fili bai fito ba. Ƙannensa suka bugo waya suka ce a kawo shi, 'ya'yan kuma ba su iya musu da baffanninsu ba. Na bi motar har ƙauyensu. An yi masa sutura yadda ya kamata, jama'a sun taru, Allah ya saka musu. Amma a bayana na ji wani magidanci yana tambaya, "Wai ɗan gidan wa ne?" Mu da muka san yadda yake son shayinsa, da yadda yake riƙe allura a baki yana faɗa, ba mu cika mota ɗaya ba.

Ina kewarsa, wallahi. Shagonsa yanzu cajin waya ake yi a ciki, kuma har yau da la'asar nakan kasa kunne ko zan ji ƙarar kekensa.

Fayil ɗin yana nan. Duk farkon wata nakan rufe shago in je in tambaya, har magatakardan ya san tafiyata. Kwanaki ya ɗago kai yana dariya ya ce, "Oga, wa kake son binnewa ne kake wannan sintiri?"

Na ce masa ni ne, kuma yarana ba su san hanyar Malumfashi ba.