Ba a Wuce Babba da Gudu

Likita ne ya fara jawo maganar. Ya auna jinina, ya sake aunawa, ya ce bai kai hawan jini ba tukuna amma ya kama hanya, in rage gishiri, in riƙa motsa jiki. Ni kuwa irin mutanen nan ne da in an ce su rage gishiri sai sun karanta duk abin da aka taɓa rubutawa a kan gishiri. A cikin karance-karancen ne na ci karo da labarin gudun fanfalaki da ake yi a Legas, kilomita arba'in da biyu da 'yan kai. Na rubuta sunana a waya zan shiga, na goge, na sake rubutawa. Har yau ba zan iya cewa ga abin da ya sa na tura ba. Wataƙila na gaji ne da gogewa.

A lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Roni, ina kwana a Kazaure wurin Inna, mahaifiyata. Tsarin atisayen da na samo ya ce kowane mako a yi dogon gudu ɗaya ba tare da tsayawa ba, a riƙa ƙara masa tsawo. Ina jin wanda ya tsara shi bai taɓa zama a garinmu ba.

Nakan fita bayan sallar asuba, sanye da dogon wando don kada gwiwa ta fito. 'Yan acaɓa ba su dame ni sosai ba. Sukan rage gudu su ce, "Malam, lafiya? Hau in kai ka ko ba kuɗi," in ɗaga musu hannu su wuce suna waiwaye. Manya ne matsalar. Lokacin fitata shi ne lokacin da dattawa ke zaune a ƙofar gida suna lazimi, hanyar barin gari kuma ta gaban gidan Baffa ta bi. Baffa yayan mahaifina ne, tun rasuwar Baba shi ne uba a wurinmu, kuma ya daɗe yana aiki a ofishin hakimi kafin ya yi ritaya. A wurinsa, yadda mutum ya tsaya gaban babba shi ne mutumin.

Ran da na fara dogon gudun, na hango shi a kan tabarma da abokansa. Na yi ta shawara da zuciyata har na iso. Sai kawai na ɗaga hannu na ce, "Baffa, ina kwana," na wuce.

Kafin in dawo daga makaranta saƙo ya riga ni gida.

"An ce yau ka yi wa Baffanka gaisuwar direban tirela," in ji Inna, tana tsince shinkafa, ba ta ko dube ni ba.

"Inna, tsarin ne ya ce kada a tsaya."

"Tsarin ne ya yanka maka ragon suna?"

Da la'asar ta sa mayafi ta tasa ni gaba muka je ba da haƙuri. Baffa ya bar ni a durƙushe har ƙafata ta fara sanyi.

"Babba da kai, malamin makaranta, kana gudu ba wanda ya kore ka. Wai har Ikko za ka je ka yi?"

Na shiga bayani, kuma ni in na shiga bayani ba na barin komai. Har na faɗa masa akwai motar da ke biyo baya tana kwasar waɗanda suka gaza. Nan ya yi dariyar da ta sauke masa fushi.

"Ashe an tanadar maka wuri. To ka yi sauri ka kama kujerar gefen taga."

Ni ne ɗan fari, kuma a iya sanina Inna ba ta taɓa yabona a gaban mutane ba, ko sunana ba ta kamawa. Amma ran nan ta ce, "Da ƙafarsa zai ƙarasa, Yaya. Haka ubansa yake. Sai ya daɗe yana juya abu, amma in ya ɗauka ba ya ajiyewa."

Baffa ya ce Allah ya nuna mana. Sharaɗinsa ɗaya ne: in yi guduna, amma kada in sake wuce babba.

Tun daga nan gudun ya tashi daga na jinina ya koma na maganar Inna. Idan motar nan ta ɗauke ni, ita za a yi wa dariya a gidan da take jin nauyi.

Sharaɗin Baffa kuwa ya wargaza mini tsari. In durƙusa a ƙofarsa, in tashi, in durƙusa gaban liman. A hanyar Gwiwa akwai wani tsohon Bafulatani da ke shayar da shanu a bakin rijiya, shi sai ya tambayi gida, da aiki, da gajiya, da masu jiki ko da babu su. A hanyar Roni iyayen ɗalibaina ne. Sau ɗaya na hau mota na sauka can wajen Babura, inda nake zaton ba wanda ya san ni. Ban yi nisa ba wani abokin Baba na makaranta ya gane ni ta kamannin fuska, ya zaunar da ni na sha koko da ƙosai. Ban sake yin dogon gudu ko ɗaya ba yankewa ba. Duk lissafin da na yi, amsar ita ce ban shirya ba. Amma janyewa ta fi ƙarfina.

A Legas na sauka wurin wani abokina da muka yi bautar ƙasa tare. Safiyar gudun iska ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen tsumma, ga mutane iya ganinka, maza da mata, kowa da lamba a ƙirji. Da aka sake mu sai na lura da wani abu: babu wanda zan gaisar. Ina jin daɗin hakan ne ya ruɗe ni. Na yi ta gudu fiye da yadda na saba, na wuce masu miƙa ruwa har sau biyu don kada in rage sauri. Na ce yau ga tsarin yadda aka rubuta shi.

Rana ta same mu a kan doguwar gadar nan da ta ratsa ruwa, inda babu inuwar ko tsinke. Bayan mun sauko, can gaba da kilomita talatin, cinyoyina suka ɗaure tamau kamar an ja igiyar guga. A gefen titi ga mutane sun tuɓe takalma sun zauna, na san abin da suke jira. Na riƙa waiwaye, duk babbar motar da na hango sai in ce ga mai kwasar nan ta iso. Na tabbatar wa kaina cewa in na tsaya ba zan ƙara tashi ba, don haka na ci gaba da jan ƙafa ina ɗingishi.

A ƙofar wani katafaren gida wani dattijo mai gadi na zaune a kan benci, da farin gemu da hula, rediyonsa na magana da Hausa. Ko dogon wandon ne ya sa ya gane ni, ban sani ba.

"Sannu da ƙoƙari, ɗana."

Na ɗan gota shi. Ba zan ce na yanke shawara ba, jikina ne ya juyo da kansa. Sai ga ni a durƙushe.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. Daga ina?"

"Daga Kazaure."

"Ikon Allah. Ni ta Babura nake bi in zan ƙetara iyaka zuwa gida. Yaya mutanen Kazaure? Gero ya yi kyau bana?"

Ya miƙo mini ruwan leda. Ya tambayi gida, ya tambayi ko iyayena na da rai, ya yi wa marigayi mahaifina addu'a. Mutane na ta wuce ni, ni kuwa ba halin in tashi babba na magana. Ina nan a tsugune na ji igiyar nan ta cinya tana saki kaɗan-kaɗan. Ko durƙuson ne, ko ruwan, ko hutun, ba zan rantse ba, mai ilimin abin zai iya faɗar wani dalili daban. Abin da na sani shi ne da ya ce, "To, Allah ya kai ka lafiya," na miƙe, ƙafafun kuma suka yarda.

Sauran hanyar sai na mai da ita hanyar gida. In yi gudu kaɗan in ce ga ƙofar Baffa, in tsaya in tsuguna. In ƙara gaba in ce ga liman. Ga rijiyar tsohon Bafulatani. Masu miƙa ruwa ma na riƙa tsayawa ina yi musu sannu da aiki, suna murmushi ba su san me nake cewa ba. Ashe irin gudun da na yi watanni ina koyo ke nan, ina ta raina shi.

Na ƙarasa cikin na baya-baya. Wata yarinya ta rataya mini lambar ƙarfe a wuya. Motar ban gan ta ba sai da na zauna a ƙasa, ta iso tana sauke mutane. Na dube ta sosai. Farar bas ce kawai, ba wani abin tsoro.

Na kira Inna.

"Da ƙafarka?"

"Da ƙafata, Inna."

"To. Ka nemi abinci ka ci." Kafin ta kashe wayar na ji tana ta hamdala ƙasa-ƙasa, ina jin ta zaci na riga na ajiye.

Washegarin dawowata na je gaida Baffa da asuba, a tafe, ina takawa kamar mai ɗauke da tulu. Na durƙusa da ƙyar. Muka gaisa, ya karɓi lambar ya juya ta, ya miƙa wa abokansa.

"Kujerar tagar fa?"

"Wani ya riga ni, Baffa."

Da na zo tashi sai cinyoyin suka ƙi. Na gwada, na sake gwadawa, dattawa na kallo. Baffa ya matsa gefe ya buga tabarmar da tafin hannunsa.

"Bar wahalar da kanka. Zauna nan ka ba mu labarin Ikko."

Ban taɓa zama a kan tabarmar nan ba sai ran nan. Na zauna, na miƙe ƙafa, na fara tun daga likita.